Farar Wuƙa ko Baƙa: Wacce Ta Cancanci Aljihunka?

Kamfanonin ƙera wuƙar aljihu sun saba fitar da samfuri ɗaya a fuska biyu. Ɗaya an goge ƙarfenta an bar shi fari, ɗayar an bi ta da shafi, yawanci baƙi, wani lokaci ruwan toka ko ruwan ƙasa. Tsawo ɗaya, ƙota ɗaya, ƙarfe ɗaya, sai dai sau da yawa baƙar ta ɗan ɗara kuɗi. Ido kuwa can yake fara sauka, don baƙar wuƙa akwai kwarjini. Mai sayarwa na lura da inda idonka ya tsaya, sai ya ɗora da cewa ai wannan ba ta tsatsa, ba ta dakushewa. Maganarsa ta farko da ƙamshin gaskiya. Ta biyun neman ciniki ne kawai.

Bakin wuƙa, siririn layin nan da ke yanka, tsirara yake a kowace irin wuƙa. A masana'anta ma galibi sai an gama shafin sannan a fitar da baki, shi ya sa za ka ga farin zare yana ƙyalli a gefen baƙar wuƙa sabuwa fil. Inda aka shafe har bakin kuwa, ranar da ta fara hawa dutsen wasawa shafin wurin ya tafi ke nan. Kaifi da daɗewarsa suna hannun irin ƙarfen, da yadda aka gasa shi aka ba shi tauri, da sirantar wuƙar a bayan baki. Launi ba ya cikin lissafin. Abin da guga ko shafi ke taɓawa shi ne tsatsa a jikin wuƙar, da karcewa, da yadda take ratsa abin da ake yankawa, da kamannin da za ta koma bayan ta sha aiki.

Ƙarfen ne gaba

Duk wanda ya fara da tambayar fara ko baƙa ya tsallake babbar tambaya, wato da wane ƙarfe aka yi ta. Shafi magani ne da aka nemo wa ƙarfe mai saurin tsatsa. In ƙarfen ba ya fama da wannan ciwo, shafin ya koma ado.

Abin da ke hana ƙarfe tsatsa sinadari ne da ake kira kuromiyam. In ya kai kashi 10.5 cikin 100 na haɗin, yakan gamu da iska ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, kuma in an karce ta da kanta take sake rufewa. Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila ya narka irin wannan ƙarfe a 1913, kuma wuƙaƙen cin abinci na cikin kayan farko da aka yi da shi. Shi ne sitenles ɗin da masu walda da 'yan kasuwa ke faɗa. Yawancin wuƙaƙen aljihu na yau 'yan wannan dangi ne: 420HC da kamfanin Buck ke aiki da shi, 8Cr13MoV na ƙasar Sin, AUS-8 na Japan, 12C27 da 14C28N na Suwidin. Dukansu kuromiyam ɗinsu yana kashi 13 zuwa 14 ne da 'yan kai. Irin wannan ƙarfe da rigarsa ya zo, kuma riga ce mai ɗinke kanta, abin da babu wani shafi na kamfani da zai iya.

Sai ƙarfen kabon zalla, irin su 1095 na Amurka da XC90 da kamfanin Opinel na Faransa ke sa wa wuƙaƙensa masu tambarin kabon. Ba su da kuromiyam ɗin a zo a gani. Suna ɗaukar kaifi da wuri, ga daɗin wasawa ko a dutsen bakin rijiya, amma ka yanka lemu ka ninke ta ka manta, kafin gari ya waye ta yi ja.

Tsakaninsu akwai D2, wanda ya cika wuƙaƙe masu matsakaicin kuɗi a 'yan shekarun nan, kuma shi ne ya fi ruɗa mai saye. A takarda kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 12, sai ka ɗauka sitenles ne. Amma kabon ɗinsa ya kai kashi 1.5, kuma wannan kabon yana kama kuromiyam mai yawa ya dunƙule da shi ya zama ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen. Ƙwayoyin ne ke sa D2 jure aiki ba tare da saurin dakushewa ba, sai dai abin da ya rage na kuromiyam bai isa ya rufe fuskar sosai ba. Ba ya yin ja cikin dare ɗaya, amma gumi da danshi suna yi masa ɗigo-ɗigo, kuma wasu ɗigon ramuka ne, ba sa fita da shafar tsumma.

Farar ma kala-kala ce

Mafi ƙyalli ita ce gugar madubi. Ana bin ƙarfen da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, har lamba 2000 ko sama, sannan a kai shi injin yadi da man guga har sai mutum ya ga fuskarsa a jiki. Wuƙar Victorinox ta Suwizalan, mai jar ƙota da farin kuros, ita ce misalin da kowa ya sani. Kamfanin yana garin Ibach tun 1884. Gugar madubi ba don kwalliya kawai ake yin ta ba. Tsatsa daga kwarmi take farawa, inda ɗigon ruwa ko gishiri ke samun wurin maƙalewa, kuma mai sulɓi ba ta da kwarmin. Shi ya sa a ƙarfe iri ɗaya, wanda aka fi gogewa ya fi jinkirin tsatsa, ya kuma fi sauƙin wankewa. Aibinta a fili yake: ko yatsa ka ɗora sai ya bar shaida, kuma karce guda ɗaya daga makullin da suka kwana aljihu ɗaya zai tsaya yana kallonka.

Ƙasa da ita akwai guga mai layi-layi da suke kira satin, inda ake tsayawa a samfefa matsakaiciya, a bar siraran layuka suna tafiya gefe guda. Ita ce a jikin Buck 110, wadda ta shigo kasuwa a 1964, da dubban wuƙaƙen aiki. Ba ta kai madubi jure tsatsa ba, amma ba ta yi nisa ba, kuma ƙananan karce suna ɓacewa cikin layukan.

Wankin dutse kuwa, ana zuba ruwan wuƙaƙen ne cikin ganga tare da tsakuwar tangaran a yi ta girgizawa har fuskar ta cika da ƙananan karce ta kowane ɓangare. Wuƙar da aka riga aka karce ko'ina, sabon karce ba shi da inda zai fito. Ga mai aiki da wuƙa kullum ban ga abin da ya kai ta ba, kuma tana ɓoye shatin yatsa.

Akwai ta huɗu da nake so mai karatu ya gane ta don ya kauce mata: wadda aka yi wa feshin yashi ko na garin gilashi da iska mai ƙarfi. Tana fitowa ruwan toka, ba ƙyalli, gwanin sha'awa, har wasu suna ɗauka shafi ne. Ba shafi ba ne, ƙarfe ne tsirara da aka cika wa fuska da ƙananan ramuka. Ramukan suna riƙe gumi da danshi, har sitenles ma sai ka ga ya yi jan ɗigo. Kamfani yana son ta don aiki ne na 'yan mintuna kuma tana rufe shatin injin. Kai kuwa ba abin da ta ƙara maka.

Baƙi ba ɗaya ba ne

Baƙar wuƙa daga wajen soja ta samo farin jininta. Wuƙar Ka-Bar da sojojin Amurka suka karɓa a 1942 da ƙarfen kabon aka yi ta, kuma ana buƙatar abu biyu: kada ta yi tsatsa a tsibiran tekun Pasifik, kada kuma ta yi walƙiya ta tona asirin mai riƙe da ita. Duka hujjoji ne masu ƙarfi a fagen fama. Mai yanka igiya a shago ko feraye rake a gona, walƙiyar wuƙarsa ba wanda za ta tona wa asiri. Saura batun tsatsa, kuma a nan ne ya kamata a bambanta, don abubuwa huɗu ko biyar ne daban-daban ake kira baƙar wuƙa.

Mafi araha fenti ne, ko na feshi ko na gari da ake gasawa a tanda. Na garin yana da kauri, yakan kai maikiron 50 zuwa 100, kusan kaurin gashin kai ke nan, tun da maikiron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Muddin bai fashe ba yana tare ruwa sosai, shi ya sa ake sa shi a manyan wuƙaƙen daji na ƙarfen 1095. Amma bai kai ƙarfe tauri ba ko kusa, yana ɓarewa, kuma kaushinsa yana riƙe wuƙa a cikin abin da ake yanka.

Sai rinin sinadari, inda ake tsoma ƙarfen cikin tafasasshen ruwan soda mai zafin kusan digiri 140, fuskarsa ta rikiɗe ta zama baƙa. Irinsa ne a jikin bindigogi da wasu kusoshi da sifanoni. Ba abu aka ɗora ba, fatar ƙarfen ce ta sauya, kuma kaurinta bai fi maikiron ɗaya ko biyu ba. Ba ya ɓarewa, amma yana gogewa da sauri, kuma shi kaɗai ba ya tare tsatsa sai an haɗa masa da mai.

Cerakote, na wani kamfani a jihar Oregon ta Amurka, haɗi ne na garin tangaran da roba da ake fesawa a gasa. Kaurinsa maikiron 12 zuwa 25 ne, yana zuwa da launuka iri-iri, kuma wajen tare tsatsa yana cikin na gaba. Wajen jure gogayya kuwa yana tsakiya: ya fi fenti nesa, amma kwali da yashi suna cin sa a hankali.

Na sama su ne waɗanda ake ɗorawa cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a mayar da sinadari tururi ya sauka a kan ƙarfen. Wanda ya taɓa ganin bakin dirila mai ruwan gwal ya ga ɗaya daga cikinsu, haɗin titaniyam da naitirojin ke nan. Ɗan'uwansa DLC shafin kabon ne da aka tsara ƙwayoyinsa kusa da tsarin daimon, baƙi ne ko toka mai duhu, ana sa shi har a kayan cikin injin mota da agogon hannu. Kaurinsu maikiron 1 zuwa 5 ne kacal. A ma'aunin tauri na Vickers, ƙarfen wuƙa mai kyau yana wajen 650 zuwa 750, shafin titaniyam ya haura 2,000, DLC mai kyau ma yakan kai nan ko ya wuce. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne shafin titaniyam na asali ana ɗora shi ne a zafin digiri 400 zuwa 500, alhali yawancin ƙarfen wuƙa a wajen digiri 200 ake daidaita taurinsa. Kamfanin da bai san aikinsa ba zai iya sassauta taurin ƙarfen garin yi masa ado. DLC ba ya buƙatar zafi haka, wannan na cikin dalilan da suka sa manyan kamfanoni suka karkata gare shi. Kamfanin Spyderco, alal misali, yana sayar da wuƙarsa Para Military 2 a gugar satin da kuma DLC.

In an zo aiki

Mu fara da tsatsa, tun da ita ce hujjar masu shafi. A ƙarfen kabon da D2, shafi mai kyau yana rage wahala ƙwarai, don ya rufe kusan duk faɗin wuƙar, ya bar maka baki kawai ka kula da shi. Amma ka san halin kwanon samira: muddin fentinsa lafiya lau ba abin da ke samun sa, ranar da ya faɗi ya ɓantare, daga wannan ɗan wurin tsatsa ke shiga ta riƙa ci ta ƙarƙashi. Haka fentin wuƙa yake. A farar wuƙa kana ganin tsatsa ranar da ta fara, ka goge ta. A mai fenti tana iya yin nisa kafin fentin ya kumbura ya sanar da kai. Siraran shafin nan na DLC da titaniyam ma ba katanga ba ne, suna da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, don haka wuƙar D2 mai DLC da aka bari cikin ruwan gishiri za ta nuna alama.

Inda mutum yake zaune yana da tasiri. Mazaunin Legas, Fatakwal, Kwatano, Akkara ko Duwala yana cikin danshi kusan shekara duka, ga iskar teku mai gishiri. Na Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram kuwa, daga hunturu har ƙarshen bazara iska a bushe take, sai watannin damina ne abin lura. Amma kada na arewa ya saki jiki, don aljihu yana da nasa yanayin. Gumin Afrilu gishiri ne, kuma gishiri shi ne babban abokin gabar fatar nan ta kuromiyam. Wuƙar da ke kwana a aljihun ɗan acaba ko mai dako tana shan abin da ta kan tebur ba ta sha.

Batun karcewa kuma, a nan arewa ta fi kudu cin wuƙa. Ƙwayar yashi ma'adinin kwaz ce, taurinta ya haura 1,000 a ma'aunin Vickers ɗin nan, wato ta fi ƙarfen wuƙarka tauri. Ƙurar hunturu cike take da ita, tana shiga aljihu, tana shiga mahaɗar wuƙa, tana manne a jikin buhu da igiya da kwali. Ɗauki wuƙa mai gugar madubi ka share ta da gefen riga a watan Janairu, ka juya ta a rana: za ka ga siraran zane kamar saƙar gizo, ba kowa ya yi su ba sai ƙurar da ke jikin rigar. Fenti da rini su ma ba sa tsira, kuma nasu ya fi muni a ido, don farin layi ne a kan baƙi. DLC kuwa, kamar shafin titaniyam, ya fi yashin tauri. Sau da yawa ma abin da ka gani a jikinsa kamar karce, ƙarfen makulli ne ko na gwangwani ya gogu ya bar shati, ɗigon mai da tsumma sun fitar da shi. Sai dai siriri ne, in aka buga shi da ƙarfi a kan dutse ko ƙusa, ƙarfen da ke ƙasa ya lotsa, shi ma sai ya tsage.

Wajen ratsa abu, bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba, sai a fentin gari mai kaushi. Gwada yanka kwali mai kauri da irinsa, za ka ji yana turjewa, kuma gam ɗin salatif yana liƙe masa har sai an nemo kananzir. Gugar madubi tana sulalewa a busasshen abu, amma a danyen dankali ko doya yankan yakan manne mata saboda sulɓin. Satin, wankin dutse da DLC duka suna wucewa ba gardama.

Abinci kuwa, a nan na fi tsayawa. Wuƙar aljihu a hannun mutanenmu ba ta rabuwa da baki: fere mangwaro, ɓare lemu, datsa rake, yanka kilishi ko balangu, tsaga goro. Fentin da ba ka san da me aka haɗa shi ba, wanda kuma kake gani yana raguwa a jikin wuƙar, ai ba sai an tambayi inda yake tafiya ba. DLC da shafin titaniyam na gaske ba sa narkewa cikin abinci, har kayan aikin tiyata ana shafa wa na titaniyam. Amma farar sitenles mai sulɓi ita ce mafi sauƙin tsabta: ruwa da sabulu, a share, shi ke nan. Farar kabon sabuwa tana baƙanta albasa kuma tana ba 'ya'yan itace ɗanɗanon ƙarfe, har sai ta yi nata rinin.

Wannan rinin ya cancanci a yi maganarsa, don shi ne hanya ta uku da masu sayar da baƙar wuƙa ba sa ambata. Ƙarfen kabon da ake aiki da shi ana sharewa yakan sauya launi da kansa, daga fari zuwa shuɗi-shuɗi zuwa toka mai duhu. Dubi wuƙar mahauci ko ta mai tsire da ta shekara a hannu. Wannan duhun ba tsatsa ba ne, fata ce da ke rage wa jar tsatsa wurin zama. Mai gaggawa yana iya jawo ta da wuri: a wanke wuƙar ta rabu da maiƙo, a shafa mata ruwan khal ko lemun tsami ko jiƙon tsamiya, a bar ta 'yan mintuna, a ɗauraye, a busar, a shafa mai. Da irin wannan fata wuƙaƙen kabon suka yi zamani a wannan yanki. Douk-Douk, da kamfanin Cognet na garin Thiers a Faransa ya fara ƙerawa a 1929, ta bazu a arewacin Afirka da ƙasashen da Faransa ta mallaka, har aka yi samfurin El Baraka mai zanen kuros ɗin Agadas a ƙota. Ruwanta farin kabon ne ba shafi, bai kuma hana ta shiga aljihun makiyaya da fatake ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi kabon ya san da shara da ɗigon mai.

Abin da ya fi rinjayar da ni zuwa ga fara shi ne gyara. Farar wuƙa duk yadda ta lalace, ƙarfen da ke sama shi ne a ƙasa. Samfefa lamba 400 ko 600, a ja ta gefe guda daga gindi zuwa tsini, kafin ka sha shayi ka gama satin ya dawo. Madubi ma yana dawowa in akwai haƙuri da man guga. Mai shafi kuwa ranar da aka saye ta ita ce ranar da ta fi kyau. Ba mai injin DLC a unguwa, kuma aika wuƙa waje a sake mata shafi ya fi kuɗin wuƙar. Ga kuma wasawa: hannu ya ɗan kwanta a kan dutse, kafaɗar wuƙar ta gogu, farin tabo ya zauna har abada. In kuwa ka miƙa ta ga masu wasa wuƙa da injin girandi a jajibirin Babbar Sallah, lokacin da layi ya yi tsawo kowa na sauri, to sai dai ka yi haƙuri da abin da ya dawo. Bayan shekaru ana wasawa, baki yakan hau zuwa inda ƙarfen ya fi kauri, dole a rage kaurin gefen kafin ta koma yanka yadda ya kamata. A farar wuƙa aiki ne na yau da kullum. A baƙa kuwa sai an sadaukar da shafin.

Akwai kuma idon jama'a. 'Yar farar wuƙa mai ƙotar itace ko jar roba, kowa ya gan ta ya ga kayan aiki. Baƙa wuluk mai tsini da zanen soja, a gari irin Kano da ya sha fama da 'yan daba, ko a shingen bincike da dare, tana jawo tambayoyin da ba ka shirya amsawa ba.

A gaban mai tebur

Duk wannan bayani na DLC da Cerakote ya shafi wuƙar kamfanin da ya rubuta abin da ya shafa ne. Yawancin baƙaƙen wuƙaƙe masu araha da ake bajewa a tebur fenti ne, komai sunan da aka buga a jiki, kuma jabun manyan sunaye sun yi yawa. A irinsu baƙin yana yi wa maƙerin aiki biyu: ya ja ido, ya kuma rufe shatin injin da ba a tsaya an goge ba. Araha ba ta ado.

Ana iya ganewa. Shafi na gaske siriri ne, har layukan gugar da ke ƙasa kana hango su ta cikinsa, kusurwoyin gadon bayan wuƙar suna nan da kaifinsu, rubutun jiki ya fito tsaf. Fenti yana cike rubutu, yana dunƙule kusurwa, kuma in ka danna farce a gadon baya za ka ji ɗan taushi. Buɗe ta ka rufe sau da yawa, sannan ka leƙa gindinta inda take gogar mahaɗa: in fari ya fara leƙowa tun a hannun mai sayarwa, ka ga abin da wata guda zai yi mata. Masu launin bakan gizo kuwa ado ne tsantsa.

Farar ma a duba ta. Juya ta ta ɗauko hoton wani miƙaƙƙen abu, ƙarfen taga ko wayar lantarki. In layin ya fito a miƙe, an goge ta da kyau. In yana lanƙwasa yana rawa, an danna ta ne a injin yadi don ta yi sheƙi a rufe aibi, kuma irin wannan gugar ta gaggawa tana iya zafafa siririn baki ta rage masa tauri.

Misali guda ya isa ya tattara zaɓin, don akwai wuƙar da ke zuwa a duka fuskokin: Ontario RAT 1, wadda ake samu da AUS-8 ko D2, kowanne kuma a satin ko a baƙi. In AUS-8 ce, satin zan ɗauka ko a ina nake zaune, don ƙarfen ya wadatu da kansa, baƙin ba abin da zai ƙara sai tabon da zai bayyana nan gaba. In D2 ce kuma mai ita yana arewa, yana iya share ta bayan aiki, satin ɗin dai. D2 a hannun mazaunin bakin teku, ko mai aikin da gumi ke jiƙa masa aljihu kullum, ko wanda ya san halinsa na mantuwa, a nan baƙar ta ci kuɗinta. Masunci da mai aikin tashar jirgin ruwa kuwa su bar neman shafi, su nemi ƙarfen da aka yi domin ruwan gishiri, irin H1 da LC200N da Spyderco ke sa wa jerin wuƙaƙenta na Salt, ko MagnaCut da masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara aka fitar a 2021.

Ko wacce ka ɗauka, inda tsatsa ta fi fara cin wuƙa mai ninkewa shi ne cikin mahaɗa, wurin da ruwan mangwaro da gumi ke gangarawa su kwanta, kuma gogayyar buɗewa da rufewa ta riga ta cinye shafin wurin. A wanke da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, a bar ta a buɗe ta bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki a mahaɗar. Jikin da ke taɓa abinci kuma a shafa masa man farafin na kemis ko ɗan basilin. Man gyaɗa yana yi na kwana biyu, amma in ya daɗe yakan yi danƙo ya kama ƙura, har wuƙar ta riƙa ƙin buɗuwa.